Ba Ko Wane Ragi Ne Ragi Ba

 'Yan'uwana matan aure, da ku ƙannena 'yan makaranta, yau ina so mu yi hira a kan wata kalma guda ɗaya tak ta Turanci. Kada wata ta ce, "Af, yau kuma Malama ta biyo mu da aji har cikin ɗaki." Ku yi haƙuri ku bi ni sannu a hankali, gama kalmar nan ta riga ni shiga ɗakunanku tun tuni. Tana jikin kwalin magani, tana jikin gwangwanin madara, tana manne a ƙofar kanti, tana bakin likita, tana kuma cikin littafin lissafin 'ya'yanku. Kalmar kuwa ita ce "reduce", ana faɗinta kamar a ce ridiyus.

In aka tambayi duk wadda ta gama firamare ma'anarta, nan da nan za ta ce ragewa. Gaskiyarta kuwa, haka ne. Amma a zamana na kwalejin horon malamai, da 'yan shekarun nan da na yi ina koyarwa, na lura amsar nan rabin magana ce. A wani wuri kalmar ragi ta ke nufi sosai. A wani wuri sāke kama ta ke nufi. A wani wurin kuma mayar da abu mazauninsa. Akwai ma inda za a ce a yi "reduce", a gama aiki a ga lambar ta ƙaru. To, wadda ta riƙe ma'ana ɗaya ta rufe ido, tana iya yin asarar kuɗinta a kanti, ko ta faɗi jarrabawa, ko kuwa, Allah ya kiyaye, ta ba mara lafiya magani ba bisa ƙa'ida ba. Abin da ya sa na ga ya kamata mu zauna a kanta ke nan.

Bari mu fara da asalinta, don in an san asalin mutum an san rabin halinsa. Turawan Ingila ba su suka ƙago ta ba, aro suka yi daga Latin, watau harshen mutanen Rum na dā. A can gaɓa biyu aka haɗa. Ta fari ita ce "re", ma'anarta baya, ko kuwa sākewa. Ta biyu ita ce "ducere", ma'anarta a ja gaba, kamar yadda makiyayi ke jan garke. In an haɗa su sai su ba da ma'anar a komo da abu inda ya fito. Da wannan ma'ana ta shiga Turanci a ƙarni na 14, sai bayan ɗaruruwan shekaru ma'anar ragewa ta yi ƙarfi har ta danne uwarta. Amma uwar ba ta mutu ba, tana nan a raye a asibiti.

Ga abin da na gani da idona. Ɗan wata maƙwabciyata ya faɗo daga bishiyar mangwaro ya karye a hannu. Aka kwashe shi sai asibiti, uwar ta tafi da 'yarta 'yar sakandare don ta yi mata tafinta, ni kuma na raka su. Likita ya duba hoton ƙashi, ya juya ya gaya wa nas da Turanci za a yi "reduce" ɗin karayar. Yarinyar nan ta tsinci kalmar da ta sani, ta dubi uwarta ta ce, "Inna, wai za a rage masa ƙashin." Sai uwa ta ɗora hannu a ka, ta ce ita ba ta yarda a yanke wa ɗanta kome ba, a ba ta abinta ta kai shi wurin maɗori. Da ƙyar muka shawo kanta, ni da nas ɗin, muka gaya mata abin da likitan ya ke nufi shi ne ɗori, watau a ja ƙashin da ya goce a mayar da shi mazauninsa, sa'an nan a ɗaure. Ko ƙwayar gero ba za a rage daga jikin yaron ba. Kun ga yadda ma'anar shekara ɗari shida da suka wuce ta kusa fid da yaro daga hannun likita da tsakar rana.

To, mu shiga kanti. Nan ne kalmar ta ke da ma'anar da muka saba da ita, watau ragi ko rangwame. Amma akwai waɗansu 'yan ƙananan kalmomi guda biyu da su kan biyo bayanta, ko wace harafi biyu ce kurum, su ne kuwa ke riƙe da jakar kuɗinki. Ɗaya "by", ɗaya "to". A ce ga turmin atamfa na naira 12,000. In an rubuta "reduced by 2,000", an rage naira 2,000 ke nan, za ki biya 10,000. In kuwa an rubuta "reduced to 2,000", to, kuɗin ne gaba ɗaya ya sauko ya tsaya a naira 2,000. Ta farko tana gaya miki abin da aka ɗebe, ta biyu tana gaya miki abin da ya saura. Da Hausa sai mu ce an rage kaza, ko kuwa an mai da shi kaza. Wadda ta rikita su, sai ta kwashi kaya niƙi-niƙi ta isa gaban mai karɓar kuɗi, ta komo tana mayarwa ɗaya ɗaya mutane na kallo.

Sa'an nan ko da kin karanta daidai, akwai tambayar da ta fi ko wace amfani, ita ce, daga nawa aka rage? Ba wuya mai kanti ya ɗaga kuɗin kaya a wannan mako, mako mai zuwa ya liƙa takarda ya ce ya yi ragi. Mu da muka saba da ciniki a kasuwa mun san wannan dabara, don mai kaya ya kan fara da sallama mai tsawo ne saboda ya san za a taya. Takardar kanti ba ta fi bakin ɗan kasuwa gaskiya ba don kurum an rubuta ta da Turanci. Ku kuma masu 'yar sana'a a cikin gida, ga wani lissafi ku riƙe. In jarinki naira 10,000 ne, ya ragu da kashi 50 cikin 100, ya zama 5,000. In ya sāke ƙaruwa da kashi 50 cikin 100, ba zai koma 10,000 ba, a 7,500 zai tsaya, domin rabin 5,000 aka ƙara. Faɗuwa ta fi tashi sauri ko a kan takarda.

Asarar kanti dai kuɗi ne, ana mayarwa. Inda "by" da "to" ɗin nan su ke da haɗari sosai shi ne a takardar magani. A ce tsohuwarki tana shan ƙwaya 4 a yini, likita ya ga ta samu sauƙi. In ya rubuta "reduce by one tablet", a rage ƙwaya ɗaya ke nan, ta riƙa shan 3. In ya rubuta "reduce to one tablet", ta koma shan ɗaya tak. Tsakanin 3 da ɗaya kuwa akwai tazara mai nisa ga jikin mara lafiya. Akwai magunguna waɗanda ba a barinsu farat ɗaya, sai dai a yi ta saukowa mataki mataki kamar mai sauka daga tsani, in an yi tsalle jiki ya rikice. Akwai kuma irin na hawan jini, waɗanda ba a rage su don kurum mutum ya ji garau. Saboda haka shawarata ita ce, kada ki bar tagar masu ba da magani sai an gaya miki da Hausa, nawa da safe, nawa da rana, nawa da dare, har kwana nawa. Ki sa a ja miki zane a jikin takardar, ko wace ƙwaya zane ɗaya. Ba abin kunya ba ne, matambayi ba ya ɓata.

Har yanzu muna wajen magani. A jikin kwalbar farasitamol ta yara a kan rubuta "reduces fever". Mata da yawa sun ɗauka cewa aka yi yana warkad da zazzaɓi. Ba haka aka ce ba. Cewa aka yi yana saukad da zafin jiki, shi ma na 'yan sa'o'i. In zazzaɓin na cizon sauro ne, ƙwayoyin cutar suna nan cikin jinin yaro suna ta hayayyafa, ko da kin ga gumi ya karyo masa ya tashi yana wasa da la'asar. Maganin ya lallashi wutar ne, bai kashe ta ba. Abin yi shi ne a kai yaro a gwada jininsa, in an sami cutar a ba shi maganinta na ainihi, ya kuma shanye har ƙarshe.

Haka kuma in kun ji ma'aikatan lafiya suna cewa abu kaza "reduces the risk", watau yana rage haɗarin kamuwa. A watan Disamba na 2024 aka fara yi wa yara allurar rigakafin zazzaɓin cizon sauro a Nijeriya, aka soma da jihohin Kebbi da Bayelsa. Abin murna ne ƙwarai. Amma allurar rage haɗari ta ke yi, ba ta ce a naɗe gidan sauro a jefa ƙarƙashin gado ba. Gidan sauron ma rage haɗari ya ke yi. Ragi a kan ragi ne ke tsare yaro, kamar yadda a ke yin danga sa'an nan kuma a ɗaure akuya. Wadda ta ji "reduce" ta fassara wa kanta an gama, ta yi wa kanta alkawarin da ba wanda ya yi mata.

In kuma likita ya ce wa maigida "reduce salt", a rage gishiri ya ce, to, amma zuwa nawa? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara kada babban mutum ya kai giram 5 na gishiri a yini, watau abin da bai cika ƙaramin cokalin shayi ɗaya ba. A cikin lissafin nan har da gishirin da ke ɓoye a dunƙulen ɗanɗano da mu ke marmasawa a miya. Wadda ta rage gishirin hannu ta ƙara dunƙule biyu, ta fid da shi ta ƙofa ne ya komo ta taga.

Tun da mun taɓo miya, bari mu shiga madafa. Littattafan girki na Turanci suna amfani da kalmar nan ta hanya biyu. In sun ce "reduce the heat", a rage wuta ke nan, a janye itace ko a murɗa risho ƙasa. Wannan ba wuya. Amma in sun ce "reduce the sauce by half", nan ne a ke yin ɓarna. Wata rana a ajin koyon girki na ga wata ɗalibata ta ɗauki ludayi tana kwashe rabin miyarta tana zubawa a wani kwano. Na ce mata, "Ke, me ki ke yi haka?" Ta ce, "Malama, littafi ya ce a rage rabi." Abin da littafin ya ke nufi shi ne a buɗe tukunya a bar miyar ta yi ta tafasa, ruwan ya fita ta tururi har ta tsotse ta koma rabi, ta yi kauri. Ruwa ne kaɗai ya tafi, daɗin yana nan, ƙaruwa ma ya yi. Ko wace mace ta san wannan aiki ko ba ta taɓa jin sunansa na Turanci ba. Shi mu ke yi wa niƙaƙƙen tumatir kafin mu soya, shi kuma masu mazarƙwaila su ke yi wa ruwan rake har ya daskare. Don haka ma uwar gida mai hankali ba ta cika gishiri tun miya tana tsululu, gama in ta tsotse gishirin ba ya bin tururi.

Daga madafa sai gwangwani da kwali. Za ku ga an rubuta "reduced sugar" ko "reduced fat", watau an rage sukari ko an rage kitse. Ku lura, ba a ce babu ba, ba a ma ce kaɗan ne ba. Cewa aka yi bai kai na irinsa da aka saba sayarwa ba. A Amurka doka ta yarda a rubuta haka in an rage aƙalla kashi 25 cikin 100, a ƙasashen Tarayyar Turai kuwa sai an rage kashi 30 cikin 100 na sukarin ko kitsen. To, a ce kwalbar lemo tana da sukari cokali 8, aka rage kashi 25 cikin 100, saura cokali 6. Ina tambayarku, wace ce a cikinku za ta zuba wa surukarta mai ciwon sukari cokali 6 a kofi ɗaya ta ce ta kyauta mata? Ga tambayar nan tamu ta sāke dawowa, daga nawa aka rage?

Yanzu ku 'yan makaranta ku matso kusa, wannan naku ne. A darasin lissafi a kan ce "reduce 6/8 to its lowest terms". Amsa ita ce 3/4. Shekara ba ta wucewa ban sami yarinyar da za ta rantse 3/4 bai kai 6/8 ba, hujjarta kuwa ita ce an ce an rage. Sai in kawo lemo biyu aji. In yanka ɗaya gida 8 in ba ta 6, in yanka ɗayan gida 4 in ba ƙawarta 3, in ce su gwada. Sai su ga daidai wa daida ne. Lambobin ne suka ƙanƙance, rabon kowa yana nan yadda ya ke. A nan "reduce" sauƙaƙawa ta ke nufi, watau a tuɓe wa lissafi manyan riguna a bar shi da 'yar shara.

Kakanninmu da suka yi makaranta kafin ran 1 ga Janairu 1973, ranar da naira da kobo suka maye gurbin fam da sule da kwabo, sun sha wani lissafi da ya fi wannan ban mamaki. A lokacin sule 20 ke yin fam ɗaya, kwabo 12 kuma ke yin sule. Malami ya kan ce "reduce two pounds to pence", watau a mai da fam 2 kwabbai. Amsa 480. An fara da 2 an ƙare da 480, ga shi kuwa sunan aikin ragewa! Dalili shi ne an sauko daga babban ma'auni zuwa ƙarami, kamar a juye buhu a auna shi tiya tiya. Hatsin bai ƙaru ba, bai ragu ba, ƙirgarsa ce ta sāke.

Waɗanda suka shiga ajin kimiyya za su gamu da 'yarta, watau "reduction". Kada ta ba ku tsoro, aikin gida ne aka sa wa sunan baƙi. Tama, dutsen nan da maƙeran dā su ke narkawa, ƙarfe ne da iskar oksijin a ƙulle wuri ɗaya. In an zuba ta a wuta mai zafi tare da gawayi, sai gawayin ya janye iskar ya bar ƙarfe. Wannan shi ne "reduction", kun ga ma'anar farko ta sāke leƙowa, an komo da ƙarfe kamanninsa. Ku dubi kuma marina, irin ta Ƙofar Mata a Kano. Shuni ba ya narkewa a ruwa haka kawai. Sai an jiƙa baba da toka a cikin rami an bar shi kwanaki ya ruɓa, sa'an nan ya sāke hali ya narke ya iya shiga zare. Shi ya sa in marini ya tsamo zane za ku ga ya fito kore kore, sai iska ta buge shi ya rikiɗe ya zama shuɗi a gaban idonku. Abin da ya faru cikin rami shi ne "reduction", abin da iska ta yi kuma kishiyarsa ne. In kun yi nisa za a gaya muku cewa a kimiyya abin da aka yi wa "reduction" karɓar ilaktaron ya yi. Watau dai ragin nan har ƙari ya kan zama.

Akwai kuma wani amfani nata da za ku yi ta gamuwa da shi a jarida da littattafan hikaya, inda "to" ke biye da ita ba tare da lamba ba. "Reduced to ashes", gobara ta mai da wuri toka. "Reduced to tears", an matsa wa mutum har ya fashe da kuka. "Reduced to begging", duniya ta juya wa mutum baya har ya koma bara. A soja in an ce an yi wa mutum "reduce" a muƙami, an cire masa igiya ke nan, saje ya koma kofur ko farabiti. A duk waɗannan, fassarar da ta dace ita ce mayar da, ko jefa cikin wani hali, galibi kuwa halin ba mai daɗi ba ne. Amma akwai ɗaya mai amfani da na ke so ko wace mace ta sani. Lauyoyi su kan ce "reduce it to writing", watau maganar da aka yi da baki a sa ta a takarda. 'Yar'uwa, in kin ba da bashi mai nauyi, ko kin karɓi jinginar gona, ko kin zama uwar adashi, ki bi wannan shawara. A rubuta, a sa kwanan wata, shaidu su sa hannu. Baki ya kan manta, wani lokaci ma da gangan, takarda kuwa ba ta san kunya ba.

Ba zan wuce ban taɓo maganar ƙiba ba, don a nan ma kalmar ta yi gida. A zamanin kakanninmu mace mai jiki ita ce a ke cewa tana cikin daula. Yanzu kuwa 'yan mata sai kallon hotuna a waya, da tallan shayin da wai zai yi "reduce" ɗin mutum cikin mako guda. Da yawa daga cikin irin wannan shayi gudawa su ke sa wa ko yawan fitsari. Ma'auni zai nuna an ragu, amma ruwan jiki ne ya fita, da an sha ruwa ya dawo. Hausa ta bambanta rage ƙiba da ramewa, ta kuma bambanta ramewa da ƙanjamewa. Wadda nauyinta ya dame ta, ko likita ya ce ta rage, hanyar ita ce ta rage sukari da soye-soye, ta yawaita ganye, ta riƙa motsa jiki, ta kuma yi haƙuri. Ke kuma ƙanwata mai shekara 14 da ki ke ƙin cin tuwon dare, jikinki gini ya ke yi yanzu, ba a kuwa rage wa magini ƙasa.

Ga kuma gargaɗi ga masu rubuta jarrabawar Turanci. Saboda mun saba da rage a Hausa, sai mu riƙa cusa "reduce" ko ina. Rage murya a wurin Turawa "lower your voice" ne. Rage rediyo "turn down the radio". Rigar da ta yi yawa in za a tsuke ta "take in" a ke cewa, in tsawo za a rage mata "shorten". In farashi ya sauko da kansa sun fi cewa "the price has gone down". A kasuwa kowa zai gane ki ko ta yaya ki ka faɗa, amma mai jan biro ba ya ciniki.

Kada fa mu yi wa Turawa dariya mu ce harshensu ya cika rikici, gama namu ragin ma haka ya ke. Ku duba. Mai mota ya rage mini hanya, alhali hanyar tana nan da tsawonta. Mun zauna muna rage dare, daren kuwa bai gajarta ba. Saura kwana uku ya rage a yi salla, a nan abin da ya wanzu a ke nufi. Ki rage wa yara tuwo, watau ki bar musu. In na gama yi miki nasiha in ce ya rage naki, na bar miki zaɓi ke nan. Baturiyar da ta zo koyon Hausa ta riƙe rage guda ɗaya, ita ma sai ta sha dariya a tsakar gida. Ban da wannan, inda Turanci ya ɗora wa kalma ɗaya kaya, mu muna da masu ɗauka da yawa: rangwame a ciniki, sassauci a hukunci, taƙaitawa a magana, tsukewa a ɗinki, tsotsewa a tukunya, lafawa a ciwo, tauyewa a mudu da hakki. Aikin mai fassara shi ne ta zaɓi wadda ta dace da wurin, kada ta cafki ta farko da ta zo mata baki.

Wannan ya kawo ni ga abin da ya fi damuna. A gidaje da yawa 'yar makaranta ita ce tafintan gida. Ita a ke miƙa wa takardar asibiti, ita ke karanta saƙon banki a waya, ita a ke turawa kanti. Ƙannena, wannan amana ce babba aka ɗora muku tun kuna ƙanana. In kun gamu da kalmar da ku ka sani a wurin da ba ku saba ganinta ba, ku dakata. Cewa "Inna, bari in tambaya" ya fi fassarar da za ta sa a yi da-na-sani. Ku kuma iyaye, in yarinya ta ce ba ta gane ba, kada ku ce mata, "To, me ki ke koyo a makarantar?" Irin wannan gori shi ke sa yaro ya ƙaga amsa don ya tsira da mutuncinsa. Ku yaba mata, don ta nuna hankali.

Saboda haka duk inda ku ka ga "reduce", ku yi mata tambaya uku kafin ku buɗe jaka ko ku buɗe kwalba. Ta fari, mene ne a ke ragewa, ko kuwa ma sāke masa kama za a yi? Ta biyu, an rage kaza ne, ko an mai da shi kaza? Ta uku, daga nawa aka taso? In takarda ba ta amsa muku ba, ku nemi mai amsawa, ko nas, ko malamar makarantar unguwarku, ko ku rubuto wa wannan fili. In kuma akwai wata kalmar da ta taɓa rikita ku a asibiti ko a kanti, ku aiko da ita mu warware ta tare, don wata ma ta ƙaru.

Allah ya ƙara mana sani mai amfani, ya rage mana wahala, amin. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.